An sayar da gidan hayarmu na Makera: wa ake gyara wa unguwar?

'Yar Makera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni mai karatu ce, ban cika sa baki ba, amma yau abin ya tsaya mini a maƙogwaro.

Gidan da aka haife ni a Makera, nan Kaduna, gidan haya ne irin na da, ɗaki 14, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, da mangwaron da mahaifinmu ya dasa shekarar da ya samu aiki a masaƙa. Mai gidan ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, magada suka sa gidan a kasuwa. Ranar Talata wani yaro ya shigo da takardu a ambulan, ya bi ƙofa-ƙofa yana miƙawa: wata uku kowa ya kwashe kayansa. An ce wanda ya saya rushewa zai yi, ya zuba shaguna a ƙasa, filat-filat a sama.

Innarmu ta haura shekara 40 a ɗakin nan. A ƙofar masaƙa ta yi ta suyar ƙosai tun asuba, da shi ta biya mana kuɗin makaranta bayan Baba ya kwanta dama. Tun da aka karanta mata takardar ba ta ce uffan ba. Jiya na shiga na tarar ta sauke kwallayenta na aure daga kan kabad, tana goge su ɗaya bayan ɗaya tana naɗewa a tsohon zane. Na ce Inna ai da sauran lokaci. Ta ce gara ta fara tun tana da ƙarfi.

Gidanmu ne na huɗu a layin cikin shekara biyu. Mu muka shaƙi warin ruwan rini, mu muka zauna da aka rufe masaƙu unguwa ta mutu, mu muka zauna lokacin rikici. Yanzu da kwalta ta matso, fili ya yi daraja, sai aka ce mu ba da wuri. Wallahi ina son Makera ta gyaru. Ina dai son a gaya mini, wa ake gyara wa?

Hajiyar Barnawa:
Allah sarki Inna. Allah ya ba ta mafita ta alheri. Kwallayen nan sun taɓa mini zuciya.

Tsohon Masaƙi:
Wa'alaikumus salam 'yata. Jikana ne ke rubuta mini, ni ido ya yi rauni. Ki gaishe mini da Innarki, ta yiwu na sha cin ƙosanta ban sani ba.

Yaran yanzu suna wucewa ta Kakuri su ga katanga da ciyawa, ba su san abin da aka yi a wurin ba. A 1957 aka buɗe KTL, wato masaƙar Kaduna Textiles, gwamnatin Sardauna da wani kamfanin Ingila suka haɗa hannu, ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a ƙasar nan. Sai Nortex, sai Arewa Textiles da mutanen Japan suka zo da ita, sai UNTL ta mutanen Hong Kong a 1964. Daga baya kamfanin haɗa motocin Fijo ya zo a 1975. Har ana kiran Kaduna Manchestar Najeriya, da sunan garin masaƙun nan na Ingila. Adams Oshiomhole da kuka sani, a Arewa Textiles ya fara, daga nan ya shiga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu har ya zama sakatarenta.

Aiki kashi uku ne, na safe, na rana, na dare. In jiniya ta yi kuka a lokacin canji, titi ba ya ɗaukar mutane, kekuna kamar fari. Kowa da ƙurar auduga a gashinsa da girarsa, za ka rantse tsofaffi ne suka fito. Batibe, Idoma, Igala, Bajju, Kataf, Banufe, Bayarabe, Bahaushe, injin ɗaya muke tsayawa, kwano ɗaya muke ci. Gidajen nan masu ɗakuna a jere da kuke gani a Makera da Kakuri da Nasarawa, don mu aka gina su.

Ruwan rini kuwa gaskiyarki. In kana son sanin launin da ake bugawa ran nan, leƙa babban lambatun Makera. Yau ja, gobe shuɗi, jibi baƙi, yana tururi, ya gangara kogin Kaduna. Yaranmu a gefensa suka yi wasa. Masu lambu a ƙasa da shi suka shayar da alayyafo, muka saya muka ci.

KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007, sauran ma haka suka bi layi. Wadda na yi wa aiki shekara 23, ba zan kama sunanta ba, har yau kuɗin sallamata ban gan su ba. Abokan aikina da yawa sun mutu suna jira. Ni ma a haya nake. Duk ranar da na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, na ga baƙo yana ɗaga kai yana kallon rufi, gabana faɗuwa yake yi.

Mai Awon Fili:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, Allah ya fitar muku da haƙƙinku. 'Yar'uwa, ina tausaya wa Inna, amma ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba za a so ji ba.

Aikina ke nan, na shiga irin gidajen nan ba adadi. Ɗaki 14, ban-ɗaki biyu, rijiya taku kaɗan daga masai, katakon rufi gara ta cinye. In damina ta sauka kowa da bokitinsa a tsakar ɗaki. Waɗanda ke bakin kogi kuma kun ga abin da ambaliyar 2003 da ta 2012 suka yi musu. Mu daina yi wa wahala kwalliya saboda a cikinta muka tashi.

Kafin shirin sabunta birni da gwamnatin El-Rufai ta ƙaddamar a 2019, wa ya manta cinkoson Kawo? Yau ga gadar sama, ga Dandalin Murtala, ga gadar da ta haɗa Kabala Costain da Barnawa. Wanda ke ɓata awa guda a tsohuwar gadar wajen filin wasa na Ahmadu Bello ya san bambanci. Kuma duk inda titi ya shiga, kuɗin fili sai ya tashi, haka yake a ko'ina.

Wani abin kuma, gari ya cika. Mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka nan suke shigowa, ma'aikatan Abuja da haya ta fi ƙarfinsu nan suke ajiye iyali tun da jirgin ƙasa ya fara tashi daga Rigasa a 2016. Filin da ke ɗauke da gida mai hawa ɗaya a tsakiyar gari zai iya ɗaukar hawa uku. In ba a yi sama ba, sai a yi ta nausawa daji, inda ba ruwa ba asibiti ba tsaro. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

'Yar Makera:
Yaya Mai Awo, ban musa maka ko ɗaya ba, ni na tari ruwan da bokiti. Amma hawa ukun nan da za a yi, ɗaki nawa ne a ciki mai sayar da ƙosai za ta iya kamawa? Dajin da kake gudun a nausa, ai mu ake turawa can. Gyaran nan sauke mu raba ya zama, kuma ba da mu aka raba ba.

Mai Awon Fili:
Wannan kam ban da amsarsa yanzu. Amma ba laifin titi ba ne.

Mai Rumfa:
Ku bar ni da maganar gyara. Kowa ya san an rushe Kasuwar Barci a 2020, an rushe wasu kasuwannin, an gina sababbi. Ni tawa kasuwar ba sai na faɗi sunanta ba. Rumfata ta langa-langa ce, na gada daga mahaifina, ina sayar da kayan koli. An zo an shafa jan fenti, kwana kaɗan katafila ta iso. Aka ce mu kwantar da hankali, in an gama mu za a fara ba. An gama, ginin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Da na je na ji kuɗin shago ɗaya, ko na sayar da jarina duka har da babur ba zan haɗa kashin farko ba. Aka ce a bi ta banki a riƙa biya a hankali. Mutumin da cinikinsa na yini bai wuce cefanen gida ba, wane banki ne zai saurare shi?

Yanzu a baro nake talla. Masu shagunan da yawa ban taɓa ganinsu a kasuwar da ba, wasu ma sun saya ne sun kulle suna jiran mai haya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abokan cinikina na shekara 20 sun watse, don ciniki sabo ne, mutum ya san lungun da zai bi ya same ka. In aka tashe ka, an tashi cinikin.

Abin da ya sami Inna shi ne ya same ni, sai dai nata ba katafila, takarda ce a ambulan.

Ɗan Gado:
Jama'a kada a mayar da magada azzalumai. Mu ma mun sayar da gidan mahaifinmu a Kakuri, kuma har yau in na wuce layin kawar da kai nake yi. Mu 17 ne, ga iyayenmu mata uku da tumuninsu. Kuɗin hayar shekara gaba ɗaya ba ya canza kwanon rufi. Rabin masu hayar tsofaffin ma'aikata ne da suka yi shekaru ba su biya ba, mahaifinmu ya ce kada wanda ya tambaye su. Shi ya iya, don shi kaɗai ne mai gida. Mu kuwa wannan na son kuɗin makaranta, wannan za ta aurar da 'ya, wannan na kwance a asibiti. Gida ba ya yankuwa 17. Dillali ya zo da mai kuɗi a hannu, me za mu ce?

Abin da na yi nadama shi ne ba mu sa sharaɗi a takardar ciniki ba, cewa a ba mutanen shekara guda. Da mun nema da an ba mu, don mai sayen a matse yake da filin. Ba mu yi tunanin ba sam.

Malamin Islamiyya:
Ɗan Gado, Allah ya saka da wannan gaskiya. Rabon gado umarnin Allah ne, ba a zargin wanda ya nemi haƙƙinsa. Sai dai mutane sun manta da babin shuf'a. A mazhabar Malikiyya, in gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya yana da ikon ya biya kuɗin ya karɓe. Ke nan magajin da ke da hali zai iya sayen kason 'yan'uwansa gida ya tsaya a zuri'a. Maƙwabci da ɗan haya ba su da shuf'a a wurinmu, amma suna da haƙƙin maƙwabtaka, kuma wanda ya yi shekara 40 a gidanku ya wuce a aika masa yaro da ambulan. A taka a je, a durƙusa a gaishe shi, a yi masa bayani.

Barista:
'Yar Makera, tambaya: Inna haya ta shekara take biya ko ta wata? Akwai rasit?

'Yar Makera:
Ta shekara ce, ranka ya daɗe. Rasit suna nan cikin gwangwanin madara, har na zamanin Baba.

Barista:
Madalla, kada ko ɗaya ya ɓata. Ƙa'idar da kotunanmu suka saba bi, in babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ce akasin haka, mai hayar shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai hayar wata kuma wata ɗaya. In wa'adin ya cika sai a sake ba shi na kwana bakwai cewa mai gida zai je kotu. Kotu ce ke fitar da mutum. Sabon mai gida ba shi da ikon cire rufi ko ƙofa, ko ya turo matasa su watsar da kaya. Ku haɗu ku 14 ku rubuta amsa guda, kowa ya sa hannu, ya fi kowa ya je shi kaɗai yana roƙo.

Amma kada in yaudare ki, wannan lokaci kawai zai ƙara muku, ba zai hana tashi ba.

Ga masu gidan kansu da ke karantawa: a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don amfanin jama'a, sashe na 29 ya yi maganar diyya, kuma diyyar ta abin da ka gina ko ka shuka ce, ba ta darajar filin a kasuwa ba. Mafi yawan gidajen tsofaffin unguwanni takardar mai unguwa kawai gare su. Ku je KADGIS, hukumar filaye ta jiha, ku nemi takardar mallaka, ku nemi izinin gini a KASUPDA, hukumar tsara birane, kafin ku ɗora bulo. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɗan haya kuwa, ko gwamnati ce ta rushe ko ɗan kasuwa, galibi hannu rabbana yake fita. A nan ramin yake.

Ɗan Kaduna a Amurka:
Salam. Na tashi aikin dare na tarar da wannan zance, barci ya gudu. A Tudun Wada na girma, yanzu ina tuƙi a New York, kuma abin da kuke faɗa ina ganinsa da idona kullum.

Akwai wata unguwa a Brooklyn, Gowanus, an san ta da wani mashigin ruwa da aka haƙa tun ƙarni na 19 don jiragen dakon kaya, tsawonsa bai kai kilomita 3 cikakku ba. Masana'antun iskar gas daga kwal, majemu, masu fenti da sinadarai, duk a cikinsa suka yi ta zubar da dagwalo, ga ruwan masai in an yi ruwan sama mai yawa. Baba da ya ba da labarin lambatun Makera sai na ji kamar wurin yake faɗa. Masana'antu suka mutu, talakawa da masu ƙananan sana'o'i suka zauna saboda arha. A 2010 gwamnatin tarayya ta sa shi a jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar, a 2020 aka fara yashe baƙin taɓon da ke ƙasansa. Tun kafin a fara yasar masu kuɗi suka fara saye. In na sauke fasinja a can yanzu, dogayen benaye ne ke tashi a bakin ruwan da da ba mai iya tsayawa kusa da shi.

Nan ba kasafai ake kawo katafila kan mutum ba. Haya ce ke hawa, mai shagon unguwa ya tashi, mai gyaran mota ya tashi, wata rana ka duba ba ka san kowa a layinku ba. Ni rusau na ruwan sanyi nake ce masa.

Ga inda suka bambanta da mu. Mutanen unguwar sun yi shekaru suna ja da hukuma. Da majalisar birni ta amince da sabon tsarin gini a 2021, sai da aka rubuta cewa cikin gidaje wajen 8,000 da za a yi, kusan 3,000 na masu ƙaramin ƙarfi ne, aka kuma ware kimanin dala miliyan 200 don gyara tsofaffin gidajen gwamnati da talakawan wurin ke ciki. Ba aljanna ba ce. Har yanzu ana kukan cewa mai rahusar ma ya fi ƙarfin wasu, kuma da yawa sun riga sun tashi. Amma an kafa doka: kana son izinin hawa sama, to ka bar kaso ga marasa ƙarfi. Manchestar da ake kwatanta mu da ita ma, tsofaffin masaƙunta na bakin ruwa gidajen kwana masu tsada suka koma.

Matashin Rigasa:
Yaya, can gwamnati na da kuɗi. Nan fa?

Ɗan Kaduna a Amurka:
Ƙanena, kason nan ba daga aljihun gwamnati yake fita ba, daga ribar mai gini ne. Abin da gwamnati ke da shi sa hannu ne, kuma namu ma suna da shi.

Mai Awon Fili:
A kan ƙaramin fuloti irin na su Inna wannan ba zai yiwu ba, mai ginin zai ce bai ci riba ba ya tafi wani wuri, kuma siminti da rodi kowa ya san inda suka kai. Inda zai yiwu shi ne manyan filayen masaƙun da ke kwance. Ku hau gini mai tsawo ku kalli Kakuri, eka nawa ce a bayan katanga, ga titi, ga layin dogo, ga layin wuta, duk a kusa. Ko ba jima ko ba daɗe ido zai kai kansu. KTL ta jihohin Arewa 19 ce, wato dukiyar jama'a. A irin wannan fili ne za a iya cewa sai an biya tsofaffin ma'aikata tukuna, sai an ware kaso na ɗakuna masu sauƙin haya, sai an bar wurin masu sana'a.

Kuma a matsayina na mai aikin ƙasa ina roƙo, kada a aza gidan kwana a wurin da aka yi shekaru ana rini da zubar da baƙin mai ba tare da an gwada ƙasar da ruwan ƙarƙashinta ba. Mutanenmu kowa burtsatse yake haƙawa.

'Yar Makera:
To ka ga yanzu mun hau layi ɗaya, Yaya. Ni abin da nake tsoro shi ne mu wayi gari mu ga allo a jikin katanga, an gama ciniki a ofis. In za a yi magana, yanzu ne, tun ciyawa na wurin.

Matashin Rigasa:
Ni fa ban gane ba. Me ya sa kowa ke maganar gidaje da shaguna? A dawo da masaƙun mana. Mu aiki muke nema. Na gama Poly shekara huɗu ina tuƙa keke Napep. Wa zai sayi kaya a shagunan in ba mai albashi?

Tsohon Masaƙi:
Yaro, bakinka ya faɗi abin da ke raina, amma bari in gaya maka abin da ya kashe mu don kada a ruɗe ku da alƙawari. Wuta ta farko. Masaƙa ba ta son ɗauke wuta ko na minti ɗaya, zare ya tsinke, rini ya ɓaci a cikin injin. Aka koma janareta, ga baƙin man tukunyar tururi ya yi tsada ya yi wuya. Na biyu, tun zamanin SAP, shirin gyaran tattalin arzikin nan, a 1986 naira ta faɗi, kayan gyara da sinadarin rini daga waje suke, aka kuma rushe hukumar auduga, manoman Funtuwa da Gusau suka rasa mai tsaya musu. Na uku, atamfar Chaina ta Kwatano da Maraɗi. Su kwafi zanenmu, har sunan kamfani a bakin zane, su sayar ƙasa da kuɗin da muka kashe. An sake buɗe UNTL a 2010 da rancen gwamnati, mun yi murna, amma ba ta koma yadda take ba, don ba a taɓa waɗancan ukun ba.

Injinan da na sani, waɗanda ba a sace ba sun yi tsatsa. In za a yi, sabo za a yi, kuma injin yanzu ba ya cin mutane kamar namu. Ina goyon bayanka a bar wani sashe na filin don sana'a, ko ɗinki ne, ko ƙira, ko gyaran injuna. Kada a mayar da shi duka wurin kwana da wurin sayayya.

Ɗan Nasarawa:
Na gaishe ku duka. Ni Kirista ne, mahaifina daga kudancin jihar nan ya zo aikin masaƙa, Hausa kuma a tsakar gidan haya na koye ta. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi damuna.

Tun rikicin 2000 da na 2002 kogin Kaduna ya zama iyaka. Musulmi suka tattara arewa, mu muka tattara kudu, kowa ya san wannan. Wuraren da suka rage ana cakuɗe ba su da yawa, kuma tsofaffin unguwannin masaƙa suna ciki. Ba taron zaman lafiya ne ya riƙe su ba. Rijiya ɗaya ce, da igiyar shanya ɗaya, da sanin juna tun iyaye. Maƙwabcinmu Alhaji ne ya ɓoye mu a ɗakin matarsa kwana biyu, bayan shekara biyu mu ma muka rama masa.

Yanzu ku duba, in aka tashi gida mai ɗaki 14, ina mutanen ke zuwa? Musulmin zai nemi Rigasa ko Hayin Banki ko Mando, inda yake da dangi. Kiristan zai nemi Gonin Gora ko Romi ko Sabon Tasha. Ba wanda ya kore su don addini, kuɗin haya ne, amma sakamakon ɗaya ne. Abin da wuta ba ta ƙarasa ba, dillalai suna ƙarasa shi gida-gida. 'Ya'yana sun san Sallah don sun ci tuwonta a kwanon maƙwabta. Jikokina ban san ko za su sani ba.

Malamin Islamiyya:
Maƙwabci, wallahi ka faɗi gaskiya. Allah ya saka wa Alhajin nan, ya saka muku.

Hajiyar Barnawa:
Ni ina da filat biyu da nake bayarwa haya, kuma bana na ƙara kuɗi kamar kowa. Na karanta maganar nan tun daga sama, jikina ya yi sanyi. Ba zan ce zan rage ba, don ni ma da su nake riƙe marayu. Amma mai gadin da ya yi mana shekara tara daga bayan Rigasa yake zuwa, mota biyu yake hawa, ban taɓa tambayarsa nawa yake kashewa ba. Gobe zan tambaya.

'Yar Makera:
Na gode jama'a, Allah ya bar zumunci. Daren jiya mun zauna a gindin mangwaro, ɗaki 11 cikin 14 sun fito. Mun rubuta takarda kamar yadda Barista ya ce, muna neman wata shidanmu, mai unguwa ya yarda zai raka mu wurin sabon mai gidan ranar Asabar. Barista, zan turo maka hoton rasit ɗin ta akwatin sirri bayan La'asar. Yaya Mai Awo, maganar filayen masaƙu kada ta mutu a nan, in ka rubuta abin da ya kamata a nema, ni zan bi gida-gida da shi, Baba kuma ya haɗa mu da tsofaffin abokan aikinsa.

Ɗan Nasarawa, kamar ka leƙo gidanmu. Ɗakin da ke jikin na Inna na Maman 'Yan Biyu ne, Kirista ce, shekara 30 murhunsu a jere. Ita ta yi wa Inna zaman jinya da aka yi mata aikin ido. Ɗanta ya ce ta koma wurinsa a Gonin Gora, ni kuma yayanmu ya ce Inna ta zo Rigasa. Jiya na ji su suna lissafin kuɗin mota tsakanin wuraren biyu, suka lissafa zuwa da dawowa, sai duk suka yi shiru.

Don Allah duk wanda ya san gidan da ke da ɗaki biyu a jere, a Makera ko Kakuri ko Nasarawa, ko da rufin na yoyo ne za mu gyara, ya yi mini magana. Na ƙasa muke so, Inna ba ta iya hawa bene.